Sandar Sigina da Sauyin Hannu na 1972

A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, gadon Ingila, ta koma hannun dama. Tun daga ranar, direbobin titin Funtuwa zuwa Sakkwato, wanda ya ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu, suka sauya gefe. Sitiyari ma ya koma hagu a motocin da suka biyo baya, irin su Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Wannan tarihi ya bar sawunsa har a sandunan nan biyu da ke wuyan sitiyari, ta sigina da ta waifa. Aikinsu ba shi da wuyar fahimta: direba ya tura sanda, ƙarafa su haɗu a ciki, wuta ta wuce zuwa fitila ko injin waifa. Idan sitiyari ya miƙe bayan kwana, wani ɗan haƙori ya mayar da sandar sigina mazauninta, dabarar da Buick ya sa a motocinsa a Amurka tun 1940.

Sai dai ba ko'ina aka jera su iri ɗaya ba. A mafi yawan motoci masu sitiyari a hagu, sigina tana hagu. A waɗanda aka ƙera don titunan Japan kuwa tana dama. Idan irin wannan mota ta shigo, makanike ya juya mata sitiyari, sau da yawa yakan bar sandunan yadda suka zo, domin sauƙin aiki. Shi ya sa a tsakiyar rani a Gusau ake ganin waifa tana shafar busasshen gilashi, alhali direba kwana yake nufi, mai babur da ke bayansa kuwa bai ga alamar komai ba.