Kaza da dankali a kwano guda: yadda abincin baƙo ya sauko, abincin yunwa ya hau

A biranen Amurka akwai wani abincin dare da ma'aikata suka karɓa hannu bibbiyu a 'yan shekarun nan. Mutum zai taso daga aiki ranar Talata ko Laraba, ya yayyanka dankali ƙanana, ya yanka tsokar ƙirjin kaza marar ƙashi, ya barbaɗa gishiri da yaji, ya yayyafa ɗan mai, ya shimfiɗa su a faranti ɗaya ya tura tanderu. Kafin ya watsa ruwa ya sauya kaya sun gasu. Sai ya juye su a kwano bisa shinkafa ko ganye, ya ci, ragowar kuma ta bi shi ofis washegari. Duka hidimar ba ta cika wuce minti 40 ba. Dankalin da ake nufi shi ne mai zaƙi, wanda Kanawa ke kira dankalin Hausa, mutanen Sakkwato da Nijar kuma suke ce masa kudaku.

Da za a ajiye wa Ba'amurken shekarar 1920 wannan kwano, abu biyu za su ɗaure masa kai. Na farko, an yanka kaza a tsakiyar mako, ba baƙo, ba biki. Na biyu, dankalin da ya sani cimar talakan karkara ne, yau ga shi masu albashi mai tsoka suna bin layi su saye shi a gidajen abinci. A cikin ƙarni ɗaya darajar abubuwan nan biyu ta yi musanye, kuma kowannensu da hanyar da ya bi.

Asalin kaza tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Ƙasusuwan kazar gida mafiya tsufa da masana suka amince da su an tono su ne a Ban Non Wat, a ƙasar Tailan, kuma an ƙiyasta shekarunsu tsakanin 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga can ta bazu duniya, amma a kusan ko'ina matsayinta ɗaya ne: ana kiwonta don ƙwai, ana tanadinta don ranar buƙata. Bahaushe bai buƙatar a yi masa bayanin wannan, shi da ke yanka wa baƙo kaza, ya kai wa amarya, ya dafa wa mai jego. Amurka ta farkon ƙarni na 20 ma haka take. Kaji harkar matan gona ce, kuɗin ƙwai na cefane ne, wadda ake yankawa kuwa ko dai tsohuwar da ta daina ƙwai ko ɗan zakaran da ya yi yawa a garke. Shi ya sa a zaɓen 1928, da magoya bayan Herbert Hoover suka so kwatanta wadatar da jam'iyyarsu ta kawo, sai suka buga talla da zancen kaza a kowace tukunya. Alƙawari irin wannan ba a yin sa da abin da kowa ke ci kullum.

Sauyin ya faro ne daga wani kuskuren ciniki. A 1923 wata mata mai suna Cecile Steele, a garin Ocean View na jihar Delaware, ta yi odar 'yan tsaki 50 don ƙwai, sai aka kawo mata 500. Ba ta mayar ba. Ta killace su a ɗaki, ta sa musu murhu don ɗumi, ta yi kiwonsu don nama, ta sayar da 387 da suka rayu a kan santi 62 kowane fam. Ribar ta sa ta ninka a shekara ta gaba, kuma zuwa 1926 tana da kaji 10,000. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Ta kuma faɗo a kan gaɓa, domin a daidai wannan lokaci ne aka gano sinadarin bitamin D, aka fahimci cewa idan aka zuba man hantar kifi a abincin kaji za su iya girma a rufe ba tare da ganin rana ba, ƙafafunsu ba su lanƙwashe ba. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara tura lamarin gaba: gwamnati ta ƙayyade naman shanu da na alade da kowane gida zai saya, ta bar kaza a sake.

Da yaƙi ya ƙare, masu sana'ar suka ji tsoron mutane za su koma wa naman shanu, tun da kazar wancan lokaci ƙashi ya fi yawa a jikinta, ƙirjinta kuma a tsuke. Sai kamfanin kantuna na A&P, wanda shi ne mafi girma a ƙasar a lokacin, ya haɗa kai da ma'aikatar gona suka shirya gasar samar da «kazar gobe», wato mai faɗin ƙirji, mai saurin girma, mai cin abinci kaɗan. A zagayen ƙarshe, a 1948, masu kiwo 40 suka aika da ƙwai 720 kowannensu. Aka ƙyanƙyashe su wuri ɗaya, aka ba su abinci iri ɗaya har mako 12, sannan aka yanka aka auna. Charles Vantress na jihar Kalifoniya ya zo na ɗaya da kazar da ya samu ta barbarar jinsi biyu, Cornish da New Hampshire. Gonar Arbor Acres ta Henry Saglio kuma ta yi fice da fararen kajinta. Farin gashi ya yi wa mahauta daɗi, saboda ko an bar tsiron gashi a fata bayan fiɗa ba ya baƙanta ta. Daga baya aka haɗa jinin gidajen biyu, aka ci gaba da zaɓen iri shekara da shekaru.

Sakamakon yana da wuyar gaskatawa in ba da alƙaluma ba. A 1925 kazar nama a Amurka tana cin kwana 112 kafin ta kai kilo ɗaya da 'yan kai. Yau tana kai kusan kilo 3 a cikin kwana 47, kuma abincin da take ci kafin ta yi kilo ɗaya bai kai rabin na wancan zamani ba. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun taɓa kiwon irin 1957 da irin 2005 gefe da gefe, abinci ɗaya, kulawa ɗaya. A kwana 56 na farkon ya yi giram 905, na biyun giram 4,202. Wannan araha ba ta zo kyauta ba. Kaza mai irin wannan girma sau da yawa ƙafafunta da zuciyarta ba sa iya ɗaukar jikinta, kuma tun daga farkon shekarun 1950 aka yi ta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin kaji don su yi saurin ƙiba, al'adar da Tarayyar Turai ta haramta a 2006, Amurka kuma ta taƙaita a 2017, bayan likitoci sun daɗe suna kukan cewa ƙwayoyin cuta suna koyon bijire wa magani.

Dankali tafiyarsa ta fi tsawo, kuma yunwa ce ta riƙa buɗe masa ƙofa. An fara nomansa a tsakiya da kudancin nahiyar Amurka shekaru aƙalla 5,000 da suka wuce. Ya isa tsibiran tekun Pasifik ƙarnuka kafin Kolumbus ya tsallaka a 1492, sannan Turawan Fotugal suka kai shi gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16, na Sifen kuma suka kai shi Filifin. Saboda haka sunan «dankalin Hausa» shaidar zama ne kawai: shi da dankalin Turawa duk baƙi ne daga nahiya ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya sauka har ya zama ɗan gari.

A 1593 wani ɗan kasuwa mai suna Chen Zhenlong ya fito da yaɗonsa a ɓoye daga tsibirin Luzon zuwa lardin Fujian na ƙasar Sin. Shekara na zagayowa fari ya lalata shinkafa, gwamnan lardin ya ba da umarnin a shuka sabon abin, mutane suka tsira. A Japan ma bayan yunwar 1732 ne Shogun Yoshimune ya sa malami Aoki Konyo ya gwada nomansa a Edo, birnin da ake kira Tokyo yanzu. Dalilin a fili yake ga duk manomi. Dankali yana yi a jigawa da ƙasar da hatsi ya ƙi, ana dasa shi da yankan reshe ba sai an taɓa abin da za a ci ba, yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, kuma 'ya'yansa na ƙarƙashin ƙasa, inda fara da tsuntsu ba sa kai musu. Har yau Sin ce ke noma kusan rabin dankalin duniya, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da ke biye.

Amma abin da ya ceci mutum ranar wuya shi yake fara turewa ranar wadata, don yana tuna masa da wuyar. Ba banza Bahaushe ya yi masa kirari da sha kushe ba. A kudancin Amurka dankali cimar bayi ne, waɗanda suka laƙaba masa sunan doya saboda ya tuna musu da ta gida, sunan da har yanzu yake manne da shi a kantunan ƙasar. Bayan an 'yanta su ya ci gaba da zama cimar manoman haya, baƙaƙe da farare. George Washington Carver, masanin noma na makarantar Tuskegee, ya yi ta kiran manoman da auduga ta tsotse ƙasarsu da su koma gyaɗa da dankali, ya fitar da hanyoyi fiye da 100 na sarrafa shi. Duk da haka, da mutane suka bar gona suka shiga birni sai suka bar shi a baya. A 1920 Ba'amurke yana cin kimanin kilo 13 a shekara. Zuwa 2000 abin bai kai kilo 2 ba.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne agogo da likita. A 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na matan Amurka ne ke aikin albashi, zuwa ƙarshen ƙarnin sun kai kashi 60 cikin 100, maza kuwa ba su yi gaggawar shiga madafa don cike gurbin ba. Girkin awa biyu ya zama na ƙarshen mako. Kamfanoni suka fara amsawa da dafaffen abinci na ƙanƙara, kuma abin lura ne cewa farantin Swanson na farko, wanda ya fito a 1953 a kan santi 98, talotalo ne da dankali mai zaƙi. Masu kaji su ma suka gane cewa mai dawowa daga aiki ba ya son kaza sukutum. A farkon shekarun 1960 fiye da kashi 80 cikin 100 na kajin ƙasar ɗungurungum ake sayar da su. Yau mafi yawa a yanke suke, an zare ƙashi, an cire fata, yadda tsokar za ta nuna cikin minti 20. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin George McGovern ya shawarci jama'a su rage kitse su ƙara cin kaza da kifi, saboda ciwon zuciya. Zuwa farkon shekarun 1990 kaza ta shiga gaban naman shanu.

Guguwar kula da lafiyar ce kuma ta wanke dankali. Mai cikin ruwan lemo yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, yana da harza, kuma dafaffensa bai cika ɗaga sukarin jini kamar dankalin Turawa ba. Jami'o'i suka fitar da iri masu kyan gani da yawan amfani, Beauregard a Louisiana a 1987 da Covington a North Carolina a 2005, kuma cin sa ya kusa ninkawa tsakanin 2000 da 2015. Gidajen abinci irin Sweetgreen, wanda aka buɗe a birnin Washington a 2007, suka sa kwanon kaza da gasasshen dankali a sahun gaba. Wannan lemon launi ne dai ya sa aka ba masana huɗu kyautar abinci ta duniya a 2016, uku daga cikinsu saboda yaɗa irinsa a Mozambik da Uganda da sauran ƙasashen Afirka, inda ƙarancin bitamin A ke makantar da yara.

Akwai ɓangaren kazar da ba ya shiga kwanon. Kowace kaza mai ƙirji ɗaya tana da cinya biyu, Amurkawa kuwa farin nama suka fi so, don haka cinyoyin da suka yi yawa ake daskarar da su a tura waje da araha. A shekarun 1990 Rasha ce babbar kasuwarsu, har mutanenta suka sa musu sunan cinyoyin Bush. Daga baya suka kwararo Afirka tare da na Turai da Brazil, suka durƙusar da masu kiwo a Ghana, inda yanzu mafi yawan kazar da ake ci daga jirgin ruwa take saukowa. Nijeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000, zamanin Obasanjo, ko da yake fasa-ƙwauri ta iyakar Benin bai tsaya ba.

Haramcin ya ba gidajen gona na cikin gida sarari, amma bai raba su da wancan tarihi ba. Kazar gidan gona masara ce da waken soya da aka mayar nama, kuma abinci ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwonta, shi ya sa da masara ta yi tashin gwauron zabo a 2023 da 2024 gidajen gona da dama suka rufe. Irin ma ba na nan ba ne. Kamfanoni biyu, Aviagen da Cobb-Vantress, su ke riƙe da mafi yawan jinin kajin nama na duniya, kuma na farkon ne ya mallaki sunan Arbor Acres. 'Yan tsakin kwana ɗaya da motoci ke kwasowa daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan su sauke a Kano da Kaduna da asuba, waɗanda matan aure da 'yan fansho ke kiwo a bayan gida su sayar bayan mako shida, da yawansu jikokin kajin da aka auna a Delaware ne a 1948.