Colossal Cave Adventure: Tarihin Talifinsa

Colossal Cave Adventure, wanda ake taƙaita sunansa da Adventure, wasan kwamfuta ne na rubutu zalla, ba hoto ba zane, da aka tsara a Amurka tsakanin 1975 da 1977, kuma masana wannan fanni da yawa suna ɗaukarsa a matsayin tushen wasannin da suka biyo bayansa a wannan tafarki. Yadda ake yinsa shi ne, na'ura ta siffanta wa mai wasa wurin da yake tsaye, shi kuwa ya ba ta umarni da kalma ɗaya ko biyu ta Turanci, fi'ili da suna, kamar ya ce a ɗauki fitila ko a nufi arewa, har ya ratsa kogo ya kwaso dukiyar da ke ɓoye cikinsa.

Mawallafinsa na farko shi ne William Crowther, ma'aikaci a kamfanin Bolt, Beranek and Newman da ke jihar Massachusetts, yana kuma cikin jama'ar da suka rubuta manhajar na'urorin sadarwar ARPANET, wadda daga gare ta intanet ta tsiro. Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne sirrin ingancin wasan, shi ne cewa Crowther da matarsa ta lokacin, Patricia, mutane ne da suka shagala da binciken kogunan duwatsu na jihar Kentucky, suna rarrafe cikin duhu da laka, suna auna nisa da kusurwa, sa'an nan shi ya zuba ƙididdigar cikin kwamfuta ta fitar da taswira. Patricia ce, saboda ƙanƙantar jikinta, ta kutsa ta wani matsattsen rami a 1972, abin da ya buɗe hanyar tabbatar da haɗewar kogunan Flint Ridge da na Mammoth, waɗanda a yau ba a san wani kogo a duniya da ya kai su tsawo ba.

Da auren ya mutu wajen 1975, kuma Crowther ya daina shiga kogo, sai ya yi nufin ya ƙirƙiro wani abin da zai yi tarayya a cikinsa da 'ya'yansa mata biyu idan sun zo masa, abin da ba zai tsorata wanda bai san kwamfuta ba; don haka ya ɗauko taswirar wani sashe na kogunan nan da ake kira Bedquilt, ya gauraya ta da ɗan abin al'ajabi irin na wasan Dungeons & Dragons, wanda yake yi da abokansa a lokacin. Ya rubuta shi da harshen Fortran a kan na'urar PDP-10, cikin layi kamar 700 na umarni da kusan irin wannan adadi na bayani. Ƙuncin na'urar ya bar alamarsa: ba ta karɓar sunan fayil da ya wuce harafi shida, shi ya sa aka san wasan da ADVENT, kuma haruffa biyar na farkon kalma kaɗai wasan ke dubawa. A cikinsa akwai wata baƙar sanda da ke firgita tsuntsu, har ba ya kamuwa muddin tana hannun mutum, alhali tsuntsun nan ne kaɗai zai kori macijin da ya tare hanya. Haka nan wanda ya bi arewa ba lalle ba ne kudu ta mayar da shi inda ya fito, gama haka hanyoyin kogon gaskiya suke murɗewa.

Crowther ya bar wasan a na'urar kamfani ya koma aiki a Xerox PARC a Kalifoniya. Daga na'urar kamfanin wasan ya yaɗu ta ARPANET har ya faɗa hannun Don Woods, ɗalibi mai neman babban digiri a Jami'ar Stanford, wanda, da yake yana son ainihin rubutun manhajar kuma bai san inda mai ita yake ba, ya aika wasiƙa da sunan Crowther zuwa kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwar, har ɗaya ta same shi, ya ba da izini. Matsayin mutanen biyu kamar na mai matani da mai sharhi ne, sai dai wannan sharhi ya ninka mataninsa: Woods ya kai taskoki daga 5 zuwa 15, ya sa maki 350, ya ƙara dodon gada da ɗan fashin teku da dutse mai aman wuta, ya fitar da shi a 1977. Ya kuma sanya ƙa'idar rufe kogo a lokutan aiki, don kada wasa ya cinye lokacin na'urar jami'a. Maki na ƙarshe kuwa, wanda ya wahalar da mutane ƙwarai, ba ya samuwa sai an ajiye wata mujalla a wani ɗaki na musamman.

Daga wannan wasa aka sami wasan Zork a jami'ar MIT a 1977, kamfanin Microsoft kuma ya sayar da nasa bugun na Adventure a 1979. Rubutun Crowther na asali ya daɗe ana zaton ya salwanta, har sai da wani malamin jami'a, Dennis Jerz, ya sa aka tono shi daga tsohuwar ajiyar Woods a Stanford, ya kuma shiga kogon gaskiya da kansa a 2005 tare da masana hanyarsa. A binciken da ya buga a 2007 ya nuna cewa ɗakunan da Crowther ya siffanta sun dace da kogon gaskiya ƙwarai da gaske, kuma a ganina wannan amana ta mai awo, fiye da dodanni da sihiri, ita ce ta sa wasan ya wanzu.