Dabarar Derrida a Ƙofar Littafin Ayuba

A 1967 Jacques Derrida, masanin falsafa da aka haifa a Aljeriya a 1930 cikin iyalin Yahudawa, ya fitar da littattafai uku a Faransa. Daga cikinsu ne dabarar warwarar nassi ta bazu. Ana so mai karatu ya bi rubutu sannu a hankali, kamar tela mai duba ɗinkin riga, har ya kai inda maganar marubuci ta saɓa wa abin da take ƙoƙarin tabbatarwa.

Malaman adabi na jami'ar Yale a Amurka suka fara rungumarta. Masu nazarin Baibul sun ɗan ja ƙafa, sai a 1982 mujallar Semeia ta keɓe fitowa guda ga Derrida.

Inda dabarar ta fi nuna kaifinta shi ne aikin David Clines na jami'ar Sheffield a Ingila, wanda a 1990 ya ɗora ta a kan Littafin Ayuba. A can, abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun nace cewa masifa ba ta sauka a kan mutum sai da laifinsa. Ayuba ya ƙi yarda, kuma a babi na 42 Ubangiji ya tsawata wa abokan. Ke nan littafin ya rushe ra'ayin cewa arziki ladan kirki ne. To amma a wannan babin aka ninka wa Ayuba dukiyarsa: tumaki 7,000 suka zama 14,000, raƙuma 3,000 suka zama 6,000. Clines ya ce ra'ayin da aka kora ya sake dawowa a ƙarshe. Wannan karatu yana da nauyi, domin bai ƙara wa nassin komai ba, abin da ke ciki ya sa a duba.

Wani masani, Stephen Moore, ya bi sahu a 1994 da Linjilar Yohanna, inda Yesu, mai alkawarin ruwan rai a bakin rijiya, ya koka da ƙishirwa a kan gicciye.

Malaman coci da yawa ba su yarda da dabarar ba, kuma damuwarsu tana da tushe: idan ma'ana ba ta da matsaya, da me mai wa'azi zai hau mumbari? Wani masani, Kevin Vanhoozer, ya rubuta littafi guda a 1998 yana kare nufin marubuci. Shi kuwa Derrida bai rabu da nassosin Baibul ba. Ya yi rubutu a kan hasumiyar Babila da kan umurnin da aka ba Ibrahim na yanka ɗansa, kafin rasuwarsa a 2004.