BAYANI: Yadda ake lissafin tafiyar ruwa da ƙasa a kwamfuta, da tasirinsa ga kogin Haɗeja

Ruwan saman da ya sauka a gona yakan rabu gida-gida: wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya tashi ya zama tururi, tsirrai su sha wani, saura kuma ya kwarara zuwa rafi ɗauke da yashi da laka. Masana kimiyyar ruwa na amfani da manhajar kwamfuta wajen kwaikwayon wannan tafiya a duk faɗin yankin da ke shayar da kogi guda, domin a san sakamakon mataki tun kafin a ɗauke shi.

Yadda manhajar ke aiki

Ana fara raba yankin zuwa ƙananan sassa gwargwadon tudu da gangare, da nau'in ƙasa, da abin da ake yi a kanta, ko noma ko kiwo ko gine-gine. Sannan a zuba bayanan ruwan sama da zafin rana na shekaru masu yawa. Jigawa mai yashi tana shanye ruwa da sauri, ƙasar laka kuwa tana riƙe shi a sama. Gangaren da aka sare itatuwansa yakan zaizaye, lakar ta gangara ta cike madatsa ko ta toshe hanyar kogi.

Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin ita ce SWAT, wadda sashen bincike na Ma'aikatar Noma ta Amurka ya samar a farkon shekarun 1990. Kafin a amince da sakamakonta, wajibi ne a gwada shi da ainihin ruwan da aka auna a kogi. Idan ma'aunan bakin kogi sun lalace ko an daina karanta su, lissafin ya zama kirdado.

Misalin Haɗeja da Jama'are

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, na Jama'are kuma yana tasowa daga tsaunukan Jos. Ruwansu yana malala a dausayin Haɗeja da Nguru, ya fita ya zama kogin Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar har Tafkin Chadi.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da ruwan sha na birnin Kano. Madatsun sun rage ambaliyar damina da ke ciyar da fadamu, suka mai da sakin ruwa na kusan duk shekara. Wannan sauyi ya taimaka wa ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa suna fama da ambaliya, na gaba da su suna fama da fari, a kan kogi ɗaya.

A shekarun 1990 masu bincike sun kwaikwayi malalar ruwan dausayin a kwamfuta. Nazarin da Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998 ya nuna cewa ribar manyan ayyukan noman rani ba ta rufe asarar da manoma, masunta da masu itace ke yi a fadama. Irin wannan hujja ce masu adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are suke kafawa.

Inda siyasa ta shigo

Kogi bai san iyakar jiha ba. Shi ya sa a 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan yankin baki ɗaya. Manhaja za ta iya nuna yawan ruwan da ya kamata a saki daga Tiga a watan Agusta, da kadadar da za ta bushe a Gashuwa idan aka riƙe shi. Amma hukuma ce ke yanke wanda zai samu da wanda zai rasa.

Don haka akwai tambayoyin da ya dace 'yan ƙasa su riƙa yi wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da wakilansu a majalisa: ma'aunan ruwa nawa ne ke aiki a yau, nawa aka ware musu a kasafin kuɗi, kuma a ina jama'a za su ga jadawalin sakin ruwa kafin a buɗe madatsa?