Bayan ƙwarya da tarihin tabarau

Kalmar "convexe" da yaranmu ke haddacewa a lakwal daga harshen Latin ta fito, ma'anarta abu mai doro, kamar bayan ƙwarya. Tsakanin 1011 da 1021, Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Masar, inda ya nuna gilashi mai doro yana ƙara girman abin da aka duba. Wajen 1286 a Italiya aka haɗa irinsa biyu, tabarau ya samu, tsofaffin da ƙananan baƙaƙe suka gagara suka koma karatu.

Malam, kafin ka rubuta kalmar a allo, kifa ƙwarya gaban yara, ka aro tabaran kaka su duba rubutu. Wanda ya ga harafi ya kumbura ba zai manta ba.