Zuma, Kanwa da 'Yan Amshi: Tarihin Tsaron Murya a Ƙasar Daura

A watan Yunin 1999 aka kai Alhaji Mamman Shata makwancinsa a Daura. A Musawa aka haife shi a 1923, amma shaƙuwarsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ta sa ƙasar Daura ce ta rufe shi. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa, galibi a fili, cikin ƙura, muryarsa tana hawa kan amon kalangai. Masu nazari sun yi ta bitar hikimar baitocinsa, amma da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda maƙogwaro ɗaya ya ɗauki wannan aiki, shi da na dubban mawaƙan da suka gabace shi tun ba a san lasifika ba.

A Daura wannan tambaya tana da nauyi. Bayan jihadi ya ci garin wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma ta zauna a Zango da Ɓaure kusan shekara ɗari, kafin Turawa su mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20. Gidan sarautar da ya bar fadarsa, abin da ya rage masa shi ne tambura da kirari da jerin sunayen magabata, kuma a bakin maroƙa da zabiyoyi ake adana su. Ranar hawan Sallah ko ranar Gani, idan muryar maroƙi ta dishe, ya rasa abincinsa, fada kuma ta rasa mai shelanta asalinta. Ga shi Gani tana bin watan Rabi'ul Awwal, don haka cikin shekara 33 sai ta zagaya kowane yanayi, har da tsakiyar hunturu, lokacin da busasshiyar iska da hazo suke kankare maƙoshi.

Abin da mawaƙi yake nema a irin wannan rana shi ne abin da kowane gida ya sani: zuma, citta, kanumfari, masoro, kimba, tsamiya, lemon tsami, namijin goro, da ɗan gutsuren kanwa a ruwan ɗumi. Wannan jeri kansa taswirar fatauci ce. Kanwa daga Borno da ƙasar Manga take fitowa, har wata iri ana kiranta ungurnu. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa aƙalla 20,000 ne suke ratsa birnin a shekara. Daura kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram. Namijin goro daga kurmin kudu yake zuwa, citta daga kudancin ƙasar Zazzau. Kanumfari ya fi su nisan tafiya: asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, kafin Zanzibar ta zama babbar gonarsa a ƙarni na 19. Zuma ce ta gida, daga amyar da ake ɗorawa a kan itatuwa, kuma ambaton warakarta a Suratun Nahli ya ba ta martabar da sauran ba su samu ba. Bagaruwa ma ta gida ce: ana jiƙa 'ya'yanta a kurkure baki da ruwan, saboda ɗan baurin da yake tsuke fatar da ta kumbura.

Shekara uku bayan zuwan Barth Kano, a 1854, wani malamin waƙa ɗan asalin Sifaniya, Manuel García, ya sa ɗan madubi a maƙogwaronsa ya ga yadda murya take fita. Abin da ya gani shi ne abin da masana harshen Hausa suke kira tantanin maƙwallato: wasu siraran naman fata guda biyu a bakin hanyar iska, masu karkarwa sau fiye da 100 a daƙiƙa ɗaya a muryar namiji, sau 200 ko fiye a ta mace. Idan aka matsa musu sai su kumbura, murya ta shaƙe. Wani abin lura shi ne duk abin da mutum ya haɗiye ba ya taɓa su, domin hanyar iska tana rufewa lokacin haɗiya. Da zuma za ta isa wurin, da mai shanta ya ƙware.

Wannan bai rushe sanin magabata ba, sai dai ya tantance aikin kowane magani. Zuma tana lulluɓe maƙoshi ta rage kaikayi da tari, tari kuwa dukan tantanin yake yi. A 2018 hukumomin lafiya na Ingila sun sa ta cikin abin da ake fara gwadawa ga mai tari, ban da jaririn da bai cika shekara ba. Citta da kanumfari suna kawo yawu, kanumfari kuma yana kashe raɗaɗi, wanda hakan kan yaudari mawaƙi ya ci gaba da tilasta muryar da ke neman hutu. Sirace ne kaɗai yake kai danshi har wurin, tun da tururi ta hanyar numfashi yake bi. Kanwa kuwa gishiri ce mai ƙarfi. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kununta da ciwon zuciyar masu jego. Mafi haɗari duka shi ne kai ciwon wuya wurin wanzami a yanke beli: beli ba shi ne yake haifar da murya ba, kuma yankan yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Babban maganin da ya tsare muryoyin fada yana cikin ginin waƙar kanta. Mawaƙin gargajiya ba ya waƙa shi kaɗai. Yakan jefa ɗiya, 'yan amshi su karɓe, shi kuma ya numfasa ya haɗiyi yawu. Makaɗa suna cike gurbi, sanƙira yana ɗauke masa nauyin kirari da ɗaga murya, kakaki da algaita suna yin shelar da maƙogwaro ba zai iya ba. A waƙar da ta ɗauki awa guda, jagora yana hutawa sau da yawa ba tare da mai sauraro ya lura ba. Likitocin murya na yau ba su da shawarar da ta wuce wannan: a sha ruwa, a yi shiru tsakanin aiki, kada a yi gasa da hayaniya.

Mawaƙin zamani ya samu makirufo da situdiyo, amma sau da yawa ya sallami 'yan amshi, domin kwamfuta tana maimaita amshin. Shi zai kwana a wurin biki, gobe ya wuce taron siyasa, jibi ya shiga ɗaukar sauti, da ruwan sanyi a hannu da hayaƙin janareta a hanci. Haka abin yake ga mai sha'irin Maulidi, da ladani, da alaramman da ke jan baƙi a tafsirin azumi, da malamar firamare mai ɗalibai cike da aji. Kowannensu ya san inda ake sayar da zuma da citta a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa, kuma babu laifi a saya. Sai dai dishewar da ta wuce mako uku ta fi ƙarfin kayan yaji, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, musamman ga mai shan taba. Wadda ba ta kai haka ba kuwa, abin da take buƙata shi ne abin da maroƙan fada suka tanada wa kansu tun da daɗewa: wanda zai karɓi waƙar har mai ita ya huta.