Gwajin Jini Domin Gano Raunin Ƙwaƙwalwa a Yara

Raunin ƙwaƙwalwa yana aukuwa ne idan kai ya bugu da ƙarfi, ko aka girgiza shi har ƙwaƙwalwa ta motsa a cikin ƙoƙon kai. A yankunan karkara yara sukan gamu da shi ta hanyar faɗowa daga bishiyar mangwaro ko katanga ko amalanke, ko haɗarin babur, ko harbin jaki. Jarirai kuma sukan samu idan suka suɓuce daga goyo, ko wani ya girgiza su da ƙarfi cikin fushi. Akasarin waɗannan yara suna warkewa sarai ba tare da an yi musu komai ba. 'Yan ƙalilan ne jini yake taruwa a cikin kansu yana danne ƙwaƙwalwa, kuma su ne jinkiri yake iya hallakawa. Babban aikin likita shi ne ya tantance waɗannan 'yan ƙalilan daga cikin masu yawa, alhali a sa'o'in farko duk kamanninsu ɗaya ne.

Wani babban bincike da aka buga a 2009, wanda ake kira PECARN, ya bi diddigin yara fiye da 42,000 da aka kai asibitoci 25 a Amurka saboda ƙaramin bugu a kai. Waɗanda rauninsu ya zama mai haɗari ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Hoton CT da matsalolinsa

Hanyar da aka fi dogara da ita wajen ganin jini a cikin kai ita ce hoton na'urar CT. Ana samun wannan na'ura a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ga mutumin ƙauye, zuwa can yana nufin doguwar tafiya da kuɗin mota da kuɗin hoto. Ƙaramin yaro kuma ba ya kwanciya shiru, wani lokaci sai an ba shi maganin barci. Bugu da ƙari, na'urar tana aiki da hasken eksire mai yawa, kuma jikin yaro mai girma ya fi na babba cutuwa da shi. Binciken da aka buga a Birtaniya a 2012 ya ƙiyasta cewa a cikin kowane yara 10,000 'yan ƙasa da shekara 10 da aka yi wa hoton kai, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma masu biyowa. Haɗarin kaɗan ne, kuma bai kamata ya hana hoto ba idan likita ya ce a yi. Amma ya isa dalilin da zai sa masana su nemi hanyar ware yaran da ba sa buƙatarsa.

Sinadaran shaida a cikin jini

Akwai wasu nau'o'in furotin da mazauninsu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne. Idan ƙwayoyin suka ji rauni, sai furotin ɗin ya tsiyayo ya shiga jini, inda za a iya auna yawansa da ɗan jinin da aka ɗiba daga hannu. Su ne ake kira sinadaran shaida. Guda uku aka fi yin bincike a kansu. S100B yana tashi da wuri kuma yana ɓacewa da wuri, don haka dole a ɗebi jinin cikin 'yan sa'o'i. UCH-L1 yana fitowa daga ƙwayoyin jijiya kansu, yana kai ƙololuwa wajen sa'a 8 bayan bugu. GFAP kuwa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi yake, kuma ya fi jinkiri, sai wajen sa'a 20 yake kai matuƙa. Wannan bambancin lokaci ne ya sa ake haɗa biyun nan na ƙarshe a gwaji guda. Akwai kuma NfL, wanda yake hauhawa a hankali cikin kwanaki da makonni, saboda haka ba shi da amfani sosai a ɗakin gaggawa, sai dai wajen nazarin yadda majinyaci zai kasance daga baya.

Ya kamata a fahimci ainihin abin da gwajin yake faɗa, domin nan ne jama'a suka fi yin kuskure. Idan sinadarin ya yi ƙasa da mizanin da aka yanka, to da wuya ƙwarai hoto ya nuna jini a kai, kuma likita yana iya fasa hoton. Idan ya haura mizanin, wannan ba hujja ba ce cewa akwai jini, domin da yawa daga masu irin wannan sakamako hotonsu yakan fito lafiya lau. Ƙarfin gwajin yana wajen kore zato ne. Ba ya nuna wurin da raunin yake ko girmansa, kuma ba a yi wa kowa tiyata bisa sakamakonsa kaɗai.

Ƙasashen Sikandinebiya sun shigar da S100B cikin ƙa'idojin kula da manya tun 2013, matuƙar an ɗebi jinin cikin sa'a 6. A watan Fabrairun 2018 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da gwajin farko na GFAP da UCH-L1, wanda ake yi cikin sa'a 12. A 2021 ta amince da na'urar hannu ta kamfanin Abbott, sannan a 2024 ta amince da nau'inta da ke karɓar jini kai tsaye a gefen gadon majinyaci, ya ba da sakamako cikin kimanin minti 15, har zuwa sa'a 24 bayan bugu. Duk waɗannan izini an bayar da su ne domin masu shekara 18 zuwa sama.

Dalilin da ya sa na yara ya bambanta

Yaro ba ƙaramin babba ba ne a wannan fanni. Ƙwaƙwalwarsa tana cikin girma, kuma jinin jariri mai cikakkiyar lafiya yana ɗauke da S100B fiye da na babba, yana raguwa sannu a hankali yayin da yake tasowa. Idan aka auna jaririn wata shida da mizanin manya, wato maikirogiram 0.10 a kowace lita, kusan kullum za a ce yana da rauni alhali ƙalau yake. Masu bincike a Faransa sun yanka mizani uku: 0.35 ga jarirai har zuwa wata 9, da 0.23 daga wata 10 zuwa 24, da 0.18 ga waɗanda suka haura shekara 2. Sun gwada wannan tsari a kan yara fiye da 2,000, aka buga sakamakon a 2024, kuma a jimlace bai nuna raguwar ɗaukar hoto a fili ba. Tun a 2018 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta shawarci likitoci da kada su yi amfani da waɗannan gwaje-gwaje ga yara masu ƙaramin rauni sai a fagen bincike.

Akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye. S100B ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Ana samunsa a kitse da guringuntsi da ƙwayoyin da ke ba fata launi. Don haka yaron da ya karye a hannu ko ƙafa sinadarinsa yana iya tashi ba tare da kansa ya taɓu ba, kuma bincike ya nuna baƙaƙen fata suna da shi a jini fiye da Turawa ko da suna cikin ƙoshin lafiya. Mizanin da aka yanka a Turai ba za a ɗauko shi a ɗora wa 'ya'yanmu haka nan ba, sai an auna yaranmu masu lafiya an san nasu gwargwado. Wannan aiki ne na asibitocin koyarwa, kuma ya cancanci goyon bayan hukumomi tun kafin a fara maganar sayen na'urori.

Abin da ake dogara da shi a yanzu

Saboda haka, duk wanda ya ce wa iyaye zai yi wa yaro gwajin jini a kemis ko ƙaramin ɗakin gwaji ya tabbatar musu kansa lafiya, kada a saurare shi. Ma'aunin da likitoci suke aiki da shi har yanzu shi ne yanayin yaron. Suna duba buɗe ido da magana da motsi bisa ma'aunin Gilasgo, wanda aka ƙirƙira a 1974: maki 13 zuwa 15 ƙaramin rauni ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani.

A gaggauta kai yaro babban asibiti idan ya suma, ko yana ta amai, ko ciwon kansa yana ƙaruwa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa yana wuya, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ko wani sashe na jikinsa ya saki. Ga wanda bai kai shekara 2 ba, a ƙara da kumburi a gefen kai ko ƙeya, da tasowar maɗiga, da ƙin kama nono, da faɗowa daga tsayin da ya wuce ƙafa 3. Idan uwa ta ce ɗanta ba yadda ta san shi yake ba, likitoci suna lissafa maganarta cikin alamu, don haka ma'aikacin lafiya kada ya yi watsi da ita. Wanda ya haura shekara 2, faɗowa daga sama da ƙafa 5 ya isa dalilin a duba shi. Kada a kai shi wurin mai ɗori, kada a ba shi asfirin ko wani maganin barci, kuma kada a lanƙwasa wuyansa wajen ɗauka. Yaron da aka sallamo gida a sa masa ido har kwana biyu.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su tanadi motar da za a iya nema ko da tsakar dare. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya a matakin farko kuma su riƙa rubuta ainihin lokacin da bugun ya auku, da tsayin faɗuwar, da ko yaron ya suma, a takardar tura majinyaci, domin likitan da zai karɓe shi da waɗannan yake yanke shawarar yin hoto. Idan haɗarin a kan hanya ne, ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.